'YAR MAKAƊA DA ƊAN SARKI
Abin da wata ɗaliba ta gani a cikin littafin soyayya na Amurka

Akwai wata magana da na daɗe ina so in kawo gaban malaman makaranta da akawuna masu karanta wannan jarida, musamman waɗanda Allah ya ba su 'ya'ya mata da suka fara tasawa. Magana ce a kan littattafan soyayya na Turanci da su ke yawo hannu da hannu cikin makarantunmu, da abin da ya kamata malami ya yi in ya kama ɗaya. Ni da kaina na kama ɗaya, kuma abin da ya biyo baya shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wata rana da dare ina zagaya azuzuwa lokacin karatun dare a kwalejin horon malamai inda na ke aiki, sai na hangi wata ɗaliba ta sunkuyar da kai a kan littafin labarin ƙasa, ko motsi ba ta yi. Duk wanda ya daɗe yana koyarwa ya sani ba a karanta labarin ƙasa da irin wannan natsuwa. Na matsa kusa, na ɗaga littafin, sai ga wani a ƙarƙashinsa, bangonsa da hoton wata yarinya mai jan gashi sanye da doguwar riga shuɗiya. Na karɓe, yadda dokar makaranta ta ce, na kai ofis na jefa cikin aljihun tebur, na manta da shi.

Bayan kwana uku sai ga ta a bakin ƙofa. Ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe ni. Na zaci haƙuri ta zo ba ni. Sai ta ce, "Ranka ya daɗe Malam, na yi laifi, a yi mini horon da ya dace. Amma saura babi uku in gama." Abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni mamaki, domin wannan ɗaliba ita ce malamin Turanci ya sha kawo mini ƙararta cewa ba ta taɓa kai littafin da aka sa musu ƙarshe ba. Ga shi kuwa wannan ya fi shafi 300, ta kusa cinye shi cikin kwana biyu. Na ce mata sai na karanta tukuna. In na ga babu abin da zai hana, zan mayar mata bisa sharaɗi guda, watau ta rubuto mini shafi biyu a kan abin da ta gani a ciki. Na karanta, na mayar. Ta kawo mini shafi biyar.

Labarin da ke cikin littafin

Sunan littafin The Selection, watau Zaɓe. Wata mace ce 'yar Amurka, Kiera Cass, ta rubuta shi, aka buga a 2012 domin samari da 'yan mata. Huɗu sun biyo bayansa, ɗaya kowace shekara, na ƙarshe a 2016. Marubuciyar ta sha faɗi cewa labari biyu ne suka sa mata tunanin. Ɗaya shi ne na Esta da ke cikin Tsohon Alkawari, wadda aka tara ta tare da 'yan matan ƙasa domin sarkin Farisa ya zaɓi sarauniya. Ɗayan kuwa tatsuniyar Sindirela ce, marainiyar da ta auri ɗan sarki. Masu sharhi a can sun kwatanta shi da wani shiri na talabijin da aka fara a Amurka a 2002, inda a kan tara mata da yawa a gida ɗaya, namiji guda yana rage su mako mako har ya rage saura ɗaya.

An ƙaga labarin a wani zamani mai zuwa, bayan bashi da yaƙe-yaƙe sun rushe Amurka, an kafa wata masarauta a gurbinta mai suna Illéa, da larduna 35. An kasa mutanen ƙasar daraja takwas, kowa ya gaji darajar ubansa da sana'arta. Ta ɗaya ita ce ta gidan sarauta. Ta biyu ta mashahuran mutane da sojoji. Ta huɗu ta masu gonaki da 'yan kasuwa, ta biyar ta makaɗa da mawaƙa da masu zane, ta bakwai ta leburori, ta takwas kuwa ta marasa gida da waɗanda jama'a ta yar. Masu karatu za su so su ji inda aka ajiye su. To, malaman makaranta suna daraja ta uku, amma akawuna, Allah ya ba ku haƙuri, kuna ta shida tare da barorin gida da direbobi. Mace in ta yi aure ta kan koma darajar mijinta, ko sama ko ƙasa.

Yarinyar da ke ba da labarin da bakinta sunanta America Singer, an sa mata sunan tsohuwar ƙasar. Shekarunta 17, 'yar daraja ta biyar, da waƙa da kiɗa ta ke taimakon iyayenta, kuma gidansu abinci ba ya isa in sanyi ya shigo. Tana da saurayi a ɓoye, Aspen, ɗan daraja ta shida, wanda ya fi ta talauci. Su kan sadu da dare a wata 'yar rumfar katako a kan itace, ta yi masa waƙa, ya biya ta kwabo, ita kuwa ta tara kwabban cikin kwalba. Ana nan sai Yarima Maxon ya isa aure. Al'adar ƙasar ita ce a ɗauko budurwa ɗaya daga kowane lardi, masu shekara 16 zuwa 20, a kai su fada, ya zauna da su ya zaɓi matarsa, jama'a suna kallo a talabijin. Duk wadda aka ɗauka, ana biyan iyayenta kuɗi kowane mako muddin tana fada, ita kuma ta hau daraja ta uku. Uwar America ta matsa mata ta shiga, Aspen ma ya matsa mata, sa'an nan ya rabu da ita. Aka ɗauke ta. Ta tafi fada da zuciya a karye, ta gaya wa Yarima ƙiri-ƙiri cewa ba ta sonsa, abinci da kuɗin iyayenta ne suka zaunar da ita. Wannan gaskiya da ta faɗa ita ta sa ya so ta. Can kuma sai ga Aspen an ɗauke shi soja, an turo shi gadin fada. Littafin ya ƙare an rage 'yan matan sun koma shida, ita kuwa ba ta san wanda ta ke so ba.

Ni dai da na karanta, ban ga gwanintar rubutu da za a yi wa guɗa ba. Tarihin ƙasar an yi shi a gurguje, 'yan tawayen da ke kai wa fada hari sai su zo su tafi kamar iskar bazara, bayanin riguna kuwa ya ci shafuka da yawa. Amma Turancin mai sauƙi ne, jimlolin gajeru, kuma kowane babi yana ƙarewa a inda zai sa ka buɗe na gaba. Ba zan ɓoye ba, ni ma sai da na kai ƙarfe ɗaya na dare.

Shafi biyar na ɗalibar

Ta fara da abin da ya burge ta, kuma ba riguna ba ne. Ta ce wurin da ya fi taɓa ta shi ne daren da America ta tara 'yan kuɗinta ta shirya wa Aspen abinci mai kyau, shi kuwa maimakon ya yi murna sai ransa ya ɓaci, ya ga an wulakanta shi, mace ce ke ciyad da shi, nan take ya yanke soyayyar. Ta ce ta san irin wannan namiji, domin yayanta haka ya ke. Lokacin da aikinsa ya tsaya, gara ya kwana da yunwa da ya ci tuwon da aka yi da kuɗin ƙosan matarsa. Ta ce ba ta taɓa zaton za ta sami yayanta cikin littafin Bature ba. Ta kuma yaba wa America da ba ta jin tsoron faɗa wa Yarima gaskiya, da yadda ta ja barorinta mata uku zuwa maɓoyar gidan sarauta ranar da 'yan tawaye suka shigo, alhali ba a yarda barori su shiga wurin ba.

Daga shafi na biyu sai alƙalamin ya yi zafi. Akwai wani wuri a littafin inda America ta tambayi Yarima ko ya taɓa jin yunwa, ta ba shi labarin ƙanen Aspen, ƙaramin yaro, da aka yi wa bulala a gaban jama'a saboda ya saci ɗan itace. Yarima ya girgiza, ya nuna bai san haka talakawansa su ke ba. Ba da daɗewa ba ya fito a talabijin ya ba da sanarwar za a riƙa ba mutanen ƙananan darajoji abinci kyauta, ya rage kuɗin da a ke biyan iyayen 'yan takara domin a cika asusun. An rubuta wannan wuri ne domin mai karatu ya ƙara son Yarima. Ɗalibar nan kuwa haushi ya ba ta. Ga abin da ta rubuta, na juya shi da Hausa:

"Malam, yaron da zai gaji sarauta, ya kai shekara 19, bai san ana yunwa a ƙasarsa ba. To, me a ke koya masa a fada? Sa'an nan bai sani ba sai da yarinyar da ya ke so ta gaya masa. In da ba ta da kyau fa? In da tana cikin takwas ɗin nan da ya sallama tun safiyar farko fa? Ke nan masu yunwa sai su ci gaba da yunwarsu, su jira wata kyakkyawa ta fito daga cikinsu."

Na karanta wannan sau uku. Na yi shekaru ina koya wa ɗalibai sharhin littattafai, ina ce musu su nemi jigo, su nemi saƙo, amma ban taɓa samun wanda ya kama littafi a wuya irin haka ba. Domin gaskiyarta ce. Littafin ya nuna cewa rabon mutane daraja daraja zalunci ne, ya nuna shi sarai, har ya sa mai karatu jin zafinsa. Amma maganin da ya kawo shi ne ɗiyar talaka ta shiga zuciyar ɗan sarki. Abincin da aka raba kyauta ce ta masoyi, kamar yadda saurayi ke kai wa iyayen budurwarsa goro. Abin da aka bayar don so kuwa ana iya hanawa ranar da aka yi faɗa.

Ta ci gaba. Ta ce kafin America ta bar gida, wani ma'aikacin fada ya zo da takardu, ya sa ta tabbatar da budurcinta, sa'an nan ya ja ta gefe ya gargaɗe ta kada ta hana Yarima kome da ya nema, ko mene ne. Littafin ya wuce wannan da sauri, domin daga baya an ga Yarima mai kunya ne, bai ma san an faɗi haka ba. Ɗalibar ta ce kirkin Yarima sa'a ce kawai. An faɗa wa 'yan mata 35 wannan magana, an kuma faɗa wa waɗanda suka zo gabansu a zamanin ubansa da kakansa, kuma ba kowane ɗan sarki ne mai kunya ba. Ta kuma tambayi abin da zai sami Lusi, ɗaya daga cikin barorin America, wadda aka sayar da ita tare da ubanta saboda bashin jinyar uwarta, wadda jikinta ke rawa duk lokacin da aka kai hari. Ta ce labarin Lusi ya fi na America nauyi, amma an ba shi shafi kaɗan, an ba rigar bikin Juma'a shafi da yawa.

Shafi na ƙarshe shi ne na dariya. Ta ce wadda ta rubuta littafin ba ta taɓa shiga gidan sarauta ba. Ina dangin uwar Yarima? Ina gwaggwanninsa da za su tambayi asalin yarinya har kaka bakwai? Ina jakadiya? 'Yar makaɗa ce fa, ta ce, kuma a garinsu ko ɗan dagaci ya ce zai auri 'yar makaɗa sai an yi zaman dangi. Tana da gwaggo da ta yi aure a gidan wani basarake. Abin da ta ke tunawa tun tana ƙarama shi ne zaman jira a zaure kafin a shigad da su, da kuma lokacin da kakarta ta kwanta ciwo, gwaggon ba ta sami zuwa ba sai bayan kwana tara, da aka ba ta izini. Ta ce kayan ɗakin gwaggon sun fi na kowa a danginsu, kuma ita ce ba ta cika yin dariya ba.

Me ya sa Amurkawa ke mafarkin sarauta?

Wannan magana ta ƙarshe ta sa ni tunani a kan inda littafin ya fito. Amurka ƙasa ce da ta yi wa sarkin Ingila tawaye a 1776, kuma tsarin mulkinta da aka rubuta a 1787 ya hana gwamnati ba kowa sarautar gado. Tun daga nan ba Ba'amurken da ya durƙusa wa sarkinsa, ba wanda ya biya shi haraji, ba wanda ya tsaya a ƙofar fada yana jiran a shigad da ƙararsa. Duk da haka littattafan soyayyar 'ya'yan sarakuna suna da kasuwa ƙwarai a can. A 2000 Meg Cabot ta fito da The Princess Diaries, labarin 'yar makaranta a birnin New York da aka wayi gari aka ce mata ita ce magajiyar wata ƙaramar masarauta a Turai. A 2019 Katharine McGee ta rubuta American Royals, inda ta ƙaga cewa George Washington ya karɓi sarauta maimakon shugabanci, zuriyarsa suna mulki har yau. A ganina dalilin ba mai nisa ba ne. Wanda bai zauna ƙarƙashin abu ba shi ke ganin adonsa kaɗai. Sarki a wurinsu kamar sarkin tatsuniya ya ke a wurin yaranmu, mai gida na zinariya da 'ya kyakkyawa, ba shi da hakimai, ba shi da masu neman kujerarsa. Ɗalibata kuwa a gindin fada ta girma, kuma mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Abin mamaki, tarihinsu ma bai goyi bayan mafarkin ba. Matan Amurka da suka shiga gidajen sarauta na gaske, kowace ta biya. A 1936 Sarkin Ingila Edward na Takwas ya sauka daga gadon sarauta domin ba a yarda ya auri Wallis Simpson yana sarki ba, suka ƙare rayuwarsu a Faransa. A 1956 Grace Kelly ta auri Yarima Rainier na Monako tana kan ganiyar shahararta a wasan sinima, daga nan ba ta sake komawa sana'arta ba. A 2018 Meghan Markle ta auri Yarima Harry na Ingila, duniya ta yi kallo, amma a 2020 suka ajiye ayyukan sarauta suka koma Kalifoniya. Marubutan irin waɗannan littattafai sun san haka sarai, shi ya sa yawancinsu su kan ajiye alƙalami ranar ɗaurin aure.

Sai dai dole in yi wa Kiera Cass adalci, domin ɗalibata littafi na farko kaɗai ta karanta lokacin da ta yi rubutunta. Ni na nemi sauran. Na shiga aji na tambaya ko akwai mai na biyu, kowa ya yi tsit, ana kallon ƙasa. Washegari da safe na iske huɗun duka a kan teburina, ba wanda ya ga mai ajiyewa. A cikin na biyu an kama wata 'yar takara, ƙawar America, da wani sojan fada, aka yi musu bulala a bainar jama'a, aka mai da su daraja ta takwas. America kuma ta tsaya gaban talabijin ta ce a soke darajojin gaba ɗaya, sarki ya fusata har ya huce a bayan ɗansa da bulala. Ashe marubuciyar ta san akwai mugunta a fada. A na uku 'yan tawaye sun kashe sarki da sarauniya, Maxon ya hau, ya auri America, ya ɗauki niyyar soke darajojin. A na huɗu kuwa, bayan shekara 20, an soke su a doka, amma mutane ba su daina tambayar asalin juna ba wajen aiki da aure. Wannan shi ne wuri mafi gaskiya a cikin littattafan biyar, kuma duk wanda ya san yadda a ke maganar mahauta da maƙera da maroƙa a garuruwanmu in batun aure ya taso, ba ya bukatar a yi masa bayani. Amma ko da haka tambayar ɗalibar tana nan daram. Abin da ya kawo gyara a Illéa shi ne mutuwar mugun sarki da soyayyar ɗansa. Talakawan ƙasar, da mu malamai na daraja ta uku, da ku akawuna na ta shida, duk 'yan kallo ne.

Taron malamai

Labarin littattafai huɗu a kan teburina ya bazu, har ya kai ga taron malamai. Wani dattijo daga cikinmu, mutum mai tsoron Allah wanda na ke girmamawa, ya ce a bincike akwatunan ɗalibai a tattara duk irin waɗannan a ƙone. Hujjarsa ba ta banza ba ce, kuma ba zan rage mata ƙarfi ba. A cikin littafin akwai saduwar saurayi da budurwa cikin dare ba da sanin iyaye ba, akwai sumbata, akwai yarinyar da ke riƙe da maza biyu tana yaudarar kowannensu. An kuma rubuta su ta yadda mai karatu zai ji daɗinsu. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce, kuma ni ma ba zan ba yarinyar firamare shi ba. Ya ce waɗannan ɗalibai gobe su za a damƙa wa 'ya'yan mutane.

Na ce da shi, Malam, wannan magana ta ƙarshe ita ce hujjata ni ma. Gobe su za su kama irin wannan littafi a hannun yara, to, gara su san abin da ke ciki da yadda a ke warware shi. Sa'an nan ƙonawa an gwada ta. A 2007 an tara littattafan soyayya na Hausa an cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata a Kano, da hannun hukuma. Ba su ƙare ba, sai ma suka koma cikin wayoyin hannu, ana tura su babi babi ta WhatsApp, inda babu malamin da zai ɗaga littafin labarin ƙasa ya gani. Kuma labarin talaka da mai hali suna neman mace ɗaya ba Amurkawa suka kawo mana shi ba. Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta a zamanin gasar rubutu ta 1933, a kansa aka gina shi, attajiri ya ƙwace wa saurayi budurwarsa da ƙarfin dukiya, kuma mun daɗe muna sa shi a jarrabawa. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, shi ma 'yar masu kuɗi ce da ɗan talaka. Yara suna son irin wannan labari domin tambayar da ke cikinsa tasu ce: wa zan aura, wa zai zaɓa mini, kuma asalina zai hana ni?

Sai na fito da shafi biyar ɗin nan, na ɓoye sunan mai su, na karanta wa taron. Da na kai wurin da ta ce in da ba ta da kyau fa, ɗakin ya yi shiru. Malamin Turanci ya karɓi takardun ya duba, ya gane rubutun hannun, ya dube ni, bai ce kome ba. Kurakuran nahawu suna nan da yawa, ya ƙirga mini su daga baya. Amma wannan ɗaliba, da muka sa mata littafin da manya suka zaɓa, abin da ta kan kawo shi ne abin da malami ya faɗa a aji, ta haddace ta mayar masa. A kan littafin da ta ɓoye ne ta yi gardama da marubuci, ta kawo shaida daga babi kaza, ta gwada da abin da ta gani da idonta. Mu kan ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, amma ni na karanta littafin nan kafin ta kawo takardunta, abin da na gani kawai shi ne raunin rubutu da yawan riguna.

Ban ci nasara duka ba. Dokar karatun dare tana nan, wanda aka kama da littafin hira a lokacin za a karɓe, kuma na yarda da haka. Ba a yarda a sa littattafan a ɗakin karatu ba. Abin da aka amince shi ne gwaji na zango ɗaya: ranar Asabar da hantsi, 'yan aji na ƙarshe su kawo littafin da su ke so, malami ya riga ya karanta shi, a zauna a tattauna, kowa ya rubuta shafi ɗaya. Dattijon nan ya ce zai riƙa zuwa ya ji da kunnensa, kuma ya zo sau biyu. A zama na biyu shi ne ya daɗe yana magana, a kan haƙƙin talakawa da ke wuyan mai mulki, da yadda Sayyidina Umar ya kan zaga Madina da dare domin ya san masu kwana da yunwa, bai jira wani ya zo ya gaya masa ba. Ɗalibai sun rubuta abin da ya faɗa.

Ita kuwa mai shafi biyar, na ba ta hukuncinta na sharar ɗakin karatu kwana uku, ta yi. Da ta gama sai ta zo ta ce akwai abin da ke damunta har yanzu, watau 'yan mata takwas da Yarima ya sallama tun safiyar farko, bayan ya yi magana da kowace na 'yan mintoci. An raka su da kiɗa daga lardunansu, an nuna su a talabijin, sa'an nan suka koma gida bayan kwana ɗaya. Ta ce tana so ta rubuta labarin ɗaya daga cikinsu, tun daga saukarta a tasha har shigarta gida, da abin da uwarta ta ce, da abin da maƙwabta suka ce. Ta tambaya ko dole da Turanci za ta yi. Na ce ta yi da harshen da maƙwabtan za su yi gulmar. Na ba ta littafin rubutu mai shafi 40 daga cikin na ofis, na sa hannu a rajista. Ranar Asabar da ta wuce ta nuna mini, ta cika shafi 11.